Tantin mutum ɗaya don farautar ƙungurmin daji: abin da lambobin nauyi ba sa faɗa

Wanda ya shiga neman tantin mutum ɗaya a 'yan shekarun nan zai yi karo da wani ruɗani tun kafin ya je ko'ina. Ga tanti mai giram 450, ga wani mai kilo 1.7, kowanne kamfaninsa ya kira shi marar nauyi, kuma kowanne akwai gogaggun maharban da ba sa kwana a cikin waninsa. Wani lokaci ma tanti ɗaya ne za a gani da nauyi biyu a shafi ɗaya. Sai kuma lambobin da ke bin sunan yadi, 15D, 20D, 1,500mm, waɗanda mai saye kan ɗauka cewa mafi girmansu shi ne mafi kyau, alhali ba kullum haka lamarin yake ba.

Farautar da ake magana a kanta ita ce wadda maharbi ke barin mota a ƙarshen hanya, ya goya duk abin da zai rayu da shi na kwana uku zuwa goma, ya nausa inda babu masauki. Irinta ake yi a tsaunukan Rocky na yammacin Amurka da Kanada, da Alaska, da tsaunukan New Zealand. A nan kowane giram kafaɗa ce ke biyan kuɗinsa, shi ya sa batun nauyi ya mamaye talla. Sai dai nauyi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba, bayan an san irin ƙasar da za a kwana, da daren da ya fi kowanne muni da za a iya gamuwa da shi, da kuma yadda maharbin ke gudanar da farautarsa.

## Nauyi biyu a kan tanti ɗaya

Kamfanoni kan bayar da mafi ƙarancin nauyi, su kuma bayar da nauyin ƙunshi. Na farko ya haɗa da ɗakin ciki da rigar ruwa, wato rufin waje mai tare ruwan sama, da sanduna kawai. Ba turaka a ciki, ba igiyoyin ɗauri, ba jakunkuna. Na biyu shi ne duk abin da ke cikin kwalin. Tazarar da ke tsakaninsu a tantin mutum ɗaya takan kai giram 150 zuwa 300, kuma babu wanda ke kafa tanti ba turaka, don haka nauyin ƙunshi ne ya fi kusa da gaskiya.

Ko shi ma bai cika ba. Tantin da ake tokarewa da sandar tafiya ba a lissafa sandar a nauyinsa. Wasu kamfanonin ba sa haɗa turaka sam. Shimfiɗar da ake sa wa ƙarƙashin tanti daban ake sayenta: ta siririyar leda takan yi giram 40 zuwa 60, ta Tyvek, wani yadin roba mai kama da takarda, ta haura giram 100. In ana son kwatanta tanti biyu da adalci, sai a tara kowanne da duk abin da zai sa ya tsaya a daren iska, sannan a auna. Sau da yawa tazarar da ta yi kama da giram 700 a talla takan dawo 400.

## Inda buƙatar maharbi ta rabu da ta mai yawon daji

Yawancin tantuna marasa nauyi an ƙera su ne don masu dogon tattaki a kan sanannun hanyoyi, a lokacin zafi, masu sauka a wuraren da wasu suka riga suka share. Maharbi yana fita ne daga Satumba zuwa Nuwamba a ƙasashen arewa, lokacin da rana ɗaya kan soma da hantsi mai daɗi ta ƙare da dusar ƙanƙara. Ba ya zaɓen wurin kwana don kyansa. Dabba ce ke zaɓa masa, kuma sau da yawa wurin kan zama gefen tsauni, a kan tsakuwa, a tsakanin itatuwa, ana kafawa da fitilar goshi bayan duhu ya yi.

Kayansa ma sun fi yawa: bindiga ko baka, tabaran hangen nesa, babban madubin leƙe da mazauninsa mai ƙafa uku, wuƙaƙe da buhunan nama, da jakar goyo mai lita 70 zuwa 100. Duk waɗannan suna buƙatar inuwa daga ruwa. Sannan akwai nauyin dawowa. Tsokar babban namijin elk, wata ƙatuwar dabba ta dangin barewa, bayan an cire ƙashi, takan kai kilo 80 zuwa 100 ko fiye, wadda mutum ɗaya zai yi ta jigila sahu-sahu, kilo 30 zuwa 40 a kowane sahu. Wannan lissafin masu rage nauyi da masu fifita ƙarfin tanti kowanne yana jan sa zuwa wajensa, kamar yadda za a gani a gaba.

## Siffofin tanti da abin da kowacce ke nema

Tanti mai tsayuwa da kansa shi ne wanda sandunansa ke gittawa su ba shi siffa ko ba a buga turke ba. Ana iya ɗaga shi a matsar idan an ji dutse a ƙarƙashin baya, kuma yana shiga ƙaramin fili. Marasa nauyi a wannan rukuni, irin Copper Spur UL1 na Big Agnes, suna wajen kilo 1.1 a ƙunshe. Tsayuwa da kansa ba ta nufin a bar shi ba ɗauri. Iska mai ƙarfi na iya mirgina shi da kayan da ke ciki. Akwai kuma mai rabin tsayuwa, wanda sanda ɗaya mai reshe ke riƙe kansa, amma kusurwoyi biyu na wajen ƙafa sai da turke. An rage masa giram 150 zuwa 200, an kuma rage masa ƙarfin gefe.

Tantin sandar tafiya ba shi da sandunan kansa. Ana tokare shi da sanda ɗaya ko biyu, tsawon santimita 115 zuwa 130, sauran aikin na turaka ne da igiya. X-Mid 1 na Durston yana ƙasa da giram 900, Plex Solo na Zpacks kuma wajen giram 400. A takarda babu abin da ya kai shi. Amma a nan ne maharbi ya kamata ya tsaya ya yi wa kansa tambaya: da safe tantin zai bi ni, ko zai zauna?

Mai farautar da ke naɗe sansaninsa kowace safiya ya goya, ya kwana duk inda dare ya riske shi, ba shi da matsala, domin sandunan suna hannunsa da rana, suna tanti da dare. Wanda ke kafa sansani wuri ɗaya ya riƙa fita yana dawowa, shi ne ke shiga tsaka-mai-wuya. In ya cire sandunan don hawan tsauni, tantin zai kwanta a kan jakar barcinsa, ruwan sama ya taru a kai, iska ta yi ta goga yadin a kan duwatsu. In ya bar su, zai sauko gangara da nama kilo 35 a baya ba abin dogarawa, lokacin da gwiwa ta fi buƙatarsu. Mafita ita ce sandunan kabon masu naɗewa da aka yi don wannan aiki, kowacce giram 80 zuwa 120. Da an ƙara biyu, ratar da ke tsakaninsa da mai tsayuwa da kansa ta ragu ƙwarai. A kurmi ana iya sare reshe a tokare, amma sama da iyakar itatuwa a kan tsauni babu reshen da za a sara.

Wani abin lura shi ne faɗin filin da yake ci. Saboda igiyoyi da zaure biyu, wato rufaffen filin da ke tsakanin ƙofar ɗakin ciki da rigar ruwa, tantin sanda kan nemi fili fiye da yadda ɗakin cikinsa ya nuna, kuma kafa shi a kan ƙasa mai tudu da kwari yana buƙatar hannu da ya saba.

Tanti mai siffar dala marar shimfiɗa, irin waɗanda Kifaru da Seek Outside suka yi suna da su a wajen maharba, yana bayar da fili mai yawa a nauyi kaɗan. Ana shiga da takalmi, taɓo da jini ba su dame shi ba, iska kuma tana zamewa ta kowane gefe. Rauninsa ƙwari ne da ruwan da ke gudu a ƙasa. A farkon lokacin farauta, inda sauro da kaska suke, sai an ƙara masa ɗakin raga, wanda ke mayar da nauyin da aka gudu. Kusa da bango kuma rufin yana yin ƙasa sosai, don haka ba duk faɗin da aka rubuta ne ake mora ba.

Tanti mai siffar rabin bututu, mai sanda ɗaya da aka lanƙwasa, shi ne zaɓin wuraren da ba itace sai iska da ruwa. Akto na kamfanin Hilleberg na Suwidin, wanda ya fito a 1995, yana wajen kilo 1.7, ɗan'uwansa Soulo mai tsayuwa da kansa kuma wajen kilo 2.4. Ana kafa su ciki da waje lokaci guda, don haka ɗakin ba ya jiƙewa in ana kafawa cikin ruwa. Wannan siffa ce da ta cancanci a neme ta a kowane tanti. Da yawa daga masu tsayuwa da kansu sai an fara kafa ɗakin raga a fili kafin a lulluɓa rigar ruwa.

## Yadi: nailon, foliyesta da Dyneema

Harafin D da ke bayan lamba yana nuna kaurin zare: nauyin mita 9,000 na zaren ne a giram. Yadin 10D zuwa 15D siriri ne ƙwarai, 20D zuwa 30D shi ne matsakaicin da yawancin maharba ke samun natsuwa da shi, 40D zuwa 70D kuma an fi sa shi a shimfiɗar ƙasa, wato daɓen tantin kansa. Lambar ba ta faɗi ingancin zaren ko irin shafen da aka yi masa ba. Shafen silikon a fuska biyu yana ƙara wa yadi juriyar yagewa, domin zaren na iya zamewa ya haɗu ya tare tsagar. Shafen foliyuretan yana ƙame zaren wuri ɗaya, yana rage wannan juriya, kuma idan aka ajiye tantin da danshi yakan ruɓe a hankali, ya yi danƙo da wari, ya riƙa ɓarewa.

Nailon mai silikon yana da ƙarfi gwargwadon nauyinsa, yana kuma ɗan miƙewa, abin da ke sa ya shanye bugun iska. Aibinsa shi ne yana shan ruwa ya saki. Tantin da aka ɗaure tamau da yamma, bayan rabin sa'a na ruwa ko sanyin dare zai yi laƙwas, rigar ruwa ta taɓa ɗakin ciki, dole a fito a sake ja. Foliyesta mai silikon ba ta shan ruwa sosai, ba ta saki, tana bushewa da wuri, kuma ta fi jure zafin rana, wanda ke da muhimmanci ga tantin da za a bari a kafe mako guda a kan tsauni. A kauri ɗaya ba ta kai nailon mai kyau juriyar yagewa ba. Wannan ne ya sa masu ƙera tantin guguwa da dama suka tsaya a kan nailon, masu ƙera na sandar tafiya kuma suka karkata ga foliyesta, tunda siffarsa gaba ɗaya ta dogara ga ɗauri.

Dyneema ba saƙa ba ce. Zaruruwa ne masu matuƙar ƙarfi da aka shimfiɗa tsakanin siraran leda biyu aka manne. An fara yin ta ne don filafilan jiragen ruwa na tsere a farkon shekarun 1990, da sunan Cuben Fiber, kafin kamfanin DSM na Holan ya sayi masana'antar a 2015 ya canja sunan. Wadda ake rufin tanti da ita takan yi giram 17 zuwa 26 a kowace murabba'in mita. Ba ta shan ruwa, ba ta miƙewa, kuma in ta huje ana liƙe ta da tef nan take. A ɗaya hannun, kuɗinta kan kai ninki biyu na foliyesta, ba ta jure goga a kan dutse, ba ta matsewa ta yi ƙanƙanta a jaka, haske na ratsa ta, kuma yawan cusawa da murɗewa na sa ta yi ƙananan huji da tsufa. Naɗe ta ake yi, ba a cusa ta. Rashin miƙewarta kuma yana tura duk ƙarfin iska kai tsaye zuwa turke.

Lambar milimita tana nuna tsawon ginshiƙin ruwan da yadi zai ɗauka kafin ya fara tsatsa. Ga rigar ruwa, 1,200 zuwa 1,500 ya isa sabon tanti, sai dai shafe yana raguwa da amfani, shi ya sa 2,000 zuwa 3,000 ya fi daɗewa. Shimfiɗar ƙasa ce ke buƙatar babbar lamba. Kilo ɗaya a kan murabba'in santimita ɗaya daidai yake da milimita 10,000 na ruwa. Mutumin da ya durƙusa ya ɗora kilo 40 a kan gwiwa mai faɗin murabba'in santimita 50 ya matsa da ƙarfin milimita 8,000, wanda ya isa ya turo ruwa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa ta cikin shimfiɗa mai 1,200. Durƙusawa a kan katifa na raba nauyin.

Ɗinki ma hanya ce ta ruwa. Tef ɗin masana'anta ba ya kama yadin da aka shafe da silikon fuska biyu, don haka irin waɗannan tantuna da yawa kan zo ba a toshe ɗinkinsu ba. Mai shi ne zai kafa, ya bi kowane ɗinki na waje da man silikon na musamman, ya bar shi ya bushe sa'o'i 12 zuwa 24. Wanda bai karanta bayanin ba zai gane haka ne a daren farko na ruwa.

## Raɓa, wadda ake ɗora wa laifin yoyo

Yawancin ƙorafin cewa tanti na yoyo, raɓa ce. Numfashi, jiƙaƙƙun tufafi da danshin ƙasa suna cika iskar ciki da tururi. Da dare, musamman in sama ta yi garau ba gajimare, rufin yana sakin zafinsa ya fi iskar da ke kewaye sanyi, sai tururin ya kwanta a kansa ta ciki. Tanti mai bango biyu bai hana wannan ba. Abin da yake yi shi ne sa ɗakin ciki tsakanin mai barci da jiƙaƙƙen rufi. A mai bango ɗaya, kai ko ƙafar jakar barci na taɓa bango ta jiƙe, kuma in ruwa mai ƙarfi ya bugi rufin ta waje, raɓar ciki kan feso kamar yayyafi.

Ga mai kwana ɗaya ko biyu wannan ɗan damuwa ne. Ga mai kwana bakwai da jakar barci ta gashin tsuntsu, danshin yana taruwa dare bayan dare yana rage ɗumin jakar, kuma maharbi da ke fita kafin asuba ba ya samun ranar da zai shanya. Wannan ita ce babbar hujjar masu bango biyu.

Wurin kafawa yana rage matsalar fiye da irin tantin. Iska mai sanyi da danshi na gangarowa ta kwanta a kwari da bakin ruwa, don haka ɗan tudu ya fi. Ƙarƙashin itatuwa ya fi sarari, muddin an ɗaga kai an tabbatar babu busasshen reshe ko matacciyar bishiya da za ta faɗo. A bar ƙofar zaure a ɗan buɗe, a ɗaga gefen rigar ruwa santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa in ba iska, a ajiye jiƙaƙƙun kaya a zaure, a kuma riƙe ɗan ƙyalle na goge bango.

Ɗakin ciki kansa iri biyu ne. Na raga zalla yana shan iska, ya dace da farkon lokaci. Mai yadi zuwa rabi ko gaba ɗaya yana tare iska mai sanyi da ƙura da garin ƙanƙarar da ke kutsowa ta ƙarƙashi, kuma bambancin nauyinsu kaɗan ne.

## Awo da tef, ba da ido ba

Katifar iska ta yau da kullum tana da faɗin santimita 51 da tsawon 183. Mai faɗi tana da 64, doguwa kuma 196 zuwa 198. Tantuna da yawa na mutum ɗaya suna tsukewa zuwa wajen ƙafa, har katifa mai faɗi ta kasa shiga ko ta tura bango. Kaurin katifa, santimita 6 zuwa 10, yana ɗaga mai barci zuwa inda bangon ya riga ya karkato ciki, don haka tsawon santimita 220 a ƙasa kan koma ƙasa da 200 a inda fuska da yatsun ƙafa suke. Mutum mai tsawon santimita 180 yana buƙatar wajen 92 zuwa 95 don ya zauna, a ƙara kaurin katifa. Tantin da ƙololuwarsa ba ta kai 100 ba zai sa shi duƙawa duk lokacin da zai sa riga.

Zaure shi ne ɗakin ajiyar maharbi. Ya kamata ya ɗauki jakar goyo da takalmi ba tare da sun toshe hanyar fita ba. Ƙofar gefe ta fi ta wajen kai sauƙi, kuma a duba ko ruwa na zuba kai tsaye cikin ɗaki idan an buɗe ta. Baka na buƙatar faɗi fiye da bindiga. Saboda haka maharba da dama kan sayi tantin mutum biyu su kwana su kaɗai, ƙarin giram 200 zuwa 400, musamman inda hazo ko guguwa kan tsare mutum yini biyu a ciki. Abin da suke bayarwa a madadi shi ne sauƙin samun wurin kafawa a gefen tsauni.

## Iska, ƙanƙara da turaka

Ƙarfin iska a kan bango yana ƙaruwa ne da ninkin gudunta sau kansa: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Tanti mai ƙasa-ƙasa, mai ƙananan fuskoki da madaurai da yawa, shi ke tsira. A juya ƙunƙuntar fuskarsa ga iska, a ɗaure duk igiyoyin tun da yamma. Sandar alminiyam, wadda kamfanin DAC na Koriya ta Kudu ke yi wa manyan kamfanoni da yawa, takan lanƙwashe kafin ta karye. Ta kabon ta fi sauƙi amma in ta kai iyaka tsagewa take yi farat ɗaya, tsagin kuma na iya keta rufi. Kowacce aka zaɓa, a riƙe ɗan bututun ɗori da tef. Mafi yawan karyewa a mahaɗa ne, idan ba a zura gaɓoɓin sun zauna sosai ba.

Dusar ƙanƙara busasshiya mai kaurin santimita 10 takan yi kilo 5 zuwa 10 a murabba'in mita. Jiƙaƙƙiya, irin ta farkon sanyi, takan yi 20 zuwa 30. Rufi mai shimfiɗaɗɗen sama yana tara ta har sanda ta durƙushe, mai tsini yana zubar da ita, sai dai ta taru a gindi ta matse bango ta toshe hanyar iska. A irin wannan dare dole a riƙa bugun rufi daga ciki.

Turakan da ke zuwa da tanti galibi na ƙasa mai daɗi ne. Masu fiffike uku na alminiyam, santimita 15 zuwa 19, giram 10 zuwa 14 kowanne, sun fi riƙo a yawancin ƙasa. A sa dogayen a kusurwoyin da ke fuskantar iska da igiyar ƙololuwa. Siraran titaniyam na shiga tsakanin tsakuwa amma suna zarewa a ƙasa mai laushi. Inda turke ya ƙi shiga, a ɗaura igiya a ƙaramin dutse ko guntun itace, a ja, a danne igiyar da babban dutse a gabansa. Wannan na buƙatar ƙarin igiya santimita 60 zuwa 100 a kowace kusurwa, a ɗaura ta tun daga gida. A yashi ko ƙanƙara, binne turken ake yi a kwance.

Zif ma yakan mutu kafin yadi. Ƙarami mai lamba 3 ya fi sauƙi, mai lamba 5 ya fi jure ƙura. In haƙora suka fara buɗewa a bayan majanyi, majanyin ne ya buɗe baki, kuma ɗan matsawa da filaya a hankali yakan dawo da shi.

## Tanti mai murhu

A ƙarshen lokacin farauta wasu kan ɗauki dala mai kafar bututun hayaƙi da murhun titaniyam mai naɗewa. Duka tsarin yakan kai wajen kilo 2 ko fiye, kuma ana buƙatar girman mutum biyu don jakar barci ta yi nesa da ƙarfe. Amfaninsa busar da kaya ne da ɗumama jiki safe da yamma. Ƙaramin murhu ba ya riƙe wuta, cikin ƙasa da sa'a ya cinye itacensa, don haka jakar barci dole ta isa sanyin daren ita kaɗai. Tartsatsi na huda rufi, ragar tare tartsatsi kuma tana toshewa da baƙin hayaƙi in itacen mai ƙaro ne, hayaƙi ya dawo ciki. Zaren Dyneema na narkewa a wajen digiri 145 zuwa 150, nailon sai sama da 200, shi ya sa aka fi yin irin wannan tanti da nailon.

Haɗarin da ya fi girma shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai da jiri da tashin zuciyar da take jawowa sun yi kama da na hawan tsauni, mutum ya yi zaton gajiya ce ya kwanta. Wannan ya shafi har ƙaramin rishon gas da ake kunnawa a rufaffen zaure. Duk wuta a tanti sai da ƙofa ko kafar iska a buɗe.

## Launi da wari

Dabbobin dangin barewa ba sa bambanta ja da ruwan lemo sosai, shuɗi ne ya fi fito musu. Motsi da ƙarar yadi mai kaɗawa da warin mutum sun fi launin tanti korar su. Launin ƙasa yana ɓoye sansani daga idon mutane, mai haske yana sauƙaƙa gano shi cikin hazo ko ga masu ceto. Igiya mai walƙiya a hasken fitila tana biyan buƙatar dawowa da dare ko da tantin launin ƙasa ne. A ƙasar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai bin warin abinci, abinci da nama da tufafin da suka sha jini ba sa kwana a zaure. Ana ajiye su wajen mita 90 zuwa 100 daga tanti, ta inda iska ke tafiya, a rataye aƙalla mita 3 daga ƙasa da fiye da mita ɗaya daga jikin bishiya, ko yadda dokar yankin ta tanada.

## Ɓangarorin biyu, da abin da ya rage wa mai saye

Masu rage nauyi suna cewa tanti ɗaya ne daga cikin abubuwa da yawa. In aka rage rabin kilo a tanti, rabi a jakar barci, rabi a jakar goyo, an sami ƙarin abincin kwana biyu ko ƙarfin ƙetare wani tsauni, kuma ranar jigilar nama sansanin na iya fita a sahu ɗaya da naman. Masu fifita ƙarfi suna cewa giram 600 ba kome ba ne a gefen kilo 35, amma tantin da ya kwanta tsakar dare cikin guguwa, tafiyar yini guda daga mota, ya kashe farautar, wataƙila ya jefa rai a haɗari. Kowanne yana da gaskiya a ƙasar da ya saba. Na farko yawanci mai farautar Satumba ne a kurmi, yana matsar da sansani kullum. Na biyu mai farautar sarari ne a kan tsauni ko ƙarshen lokaci, inda ba mafaka sai abin da ya goyo.

Ga mai sayen tanti ɗaya tak, wanda ba zai iya ajiye na rani da na sanyi ba, hujjoji sun fi karkata ga mai bango biyu, yadi 20D zuwa 30D mai silikon, ɗakin ciki mai yadi zuwa rabi, da cikakken nauyin kilo 0.9 zuwa 1.5. Dyneema mai bango ɗaya tana biyan kuɗinta ne ga wanda ya riga ya rage sauran kayansa kuma ya iya zaɓen wurin kwana. Wanda farautarsa ke sama da iyakar itatuwa a watan Oktoba, kilo 1.7 zuwa 2.4 ba almubazzaranci ba ne.

Kafin fita, a kafa tantin a gida har hannu ya saba, a gwada cikin duhu da safar hannu. A shimfiɗa katifa da jakar barci, a shigar da jakar goyo cike da makami, a kwanta a ga inda kai da ƙafa suka tsaya. A watsa masa ruwa da tiyo na minti 10 zuwa 15 ana duba ɗinki da kusurwoyi. In za a yanka shimfiɗar ƙarƙashi, ta gaza ƙasan tantin da santimita 5 a kowane gefe, domin in ta leƙo waje za ta tara ruwan rufi ta kai shi ƙarƙashin mai barci. Bayan an dawo, a shanya shi ya bushe sarai kafin a ajiye, a sake a cikin babbar jaka, nesa da zafi.